Da Gidan Mista Uche Na Zama Alhaji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi jama'ar wannan zaure, manyanku da yaranku. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku yi haƙuri da ni, ni tsoho ne, ban iya gajarta magana ba, kuma sai da na fara rubuta wannan da ajami a takarda kafin na zauna ina tsintar haruffan boko ɗaya bayan ɗaya a waya.

Abin ya faru ne shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, lokacin da za ka ga tsoho a kasuwa ya riƙe sabuwar takardar kuɗi yana juya ta yana tambaya sule nawa ke nan. Ina da shekara ashirin da shida, ina zaune a gidanmu na Fagge tare da wana, Yaya Garba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, iyayensa daga Barno suka zo, malamin zaure ne, kuma shi ke rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa da takardar ciniki. Yaran yanzu ba za su san yadda ake yi ba. Marubuci zai rubuta takarda biyu iri ɗaya, sannan ya ɗaga ɗaya ya karanta da ƙarfi a gaban shaidu, kowa ya ji, sannan a sa hannu ko a dangwala, kowane ɓangare ya tafi da tasa. Yawancin masu sa hannun ba su iya karatun ba, abin da bakin marubuci ya faɗa shi suke yarda da shi. Ni na gaji Malam a wannan aiki, har hannunmu iri ɗaya ne.

Malam yana da aboki a Sabon Gari, Mista Uche, Ibo ne, Kirista, kafinta. Shi ya yi wa Malam akwatin littattafansa, har yau yana ɗakina, ko gara ba ta taɓa shi ba. Yana da gida mai ɗaki takwas da ya gina da guminsa, yana zaune a biyu, ya sa 'yan haya a sauran. Tun ina yaro yake kirana Malam ƙarami. Da tashin hankalin da ya rigayi yaƙin basasa ya zo, ranar da zai gudu da iyalinsa, a zaurenmu ya tsaya ya miƙa wa Malam makulli. Malam ya rubuta takarda cewa gidan nan na Uche ne, amana ce a hannunsa da hannun 'ya'yansa har mai shi ya dawo ko magajinsa ya zo. Uche bai ma tsaya karɓar tasa ba, mota na jiransa. Kafin a gama yaƙin Malam ya rasu, karɓar haya ta koma hannun Yaya Garba.

An gama yaƙi, mutane suka yi ta dawowa suna karɓar gidajensu, shiru babu Uche, har Yaya ya sakankance ya mutu. Sai ga shi a wannan shekara ta naira, ya rame ya zama kamar ba shi ba, matarsa ta rasu a can, yana riƙe da hannun 'yarsa guda ɗaya da ta rage, mai shekara goma sha ɗaya, wadda muke kira Talatu don a Kano aka haife ta ranar Talata. Takardun gidansa na gwamnati duk sun ƙone a ƙauyensu. Da aka gaya masa Malam ya rasu, cire hularsa ya yi ya zauna a ƙasa a ƙofar zaure yana kuka kamar ƙaramin yaro.

To a lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa, gari ya cika da 'yan kwangila da ma'aikata, ɗaki a Sabon Gari ya zama abin nema. Yaya ya kira ni ɗakinsa ya ce shekara bakwai muna gadin gidan nan, mun canza kwano, mun yashe rijiya, yanzu mutum ya faɗo daga sama a miƙa masa? Na ce amanar Malam ce. Ya ce Malam ya tafi, mu ne za mu ci abinci. Sau biyu ina ƙi. A na uku ya kawo maganar aurena da ya tsaya saboda rashin kuɗi, da rumfar da zai kama mana a Kantin Kwari, sai na yi shiru. Ina so ku riƙe wannan, ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Shiru na yi, shirun nan kuma yarda ce.

Aka sa rana da hantsi a zaurenmu, a kan za a rubuta takardar mayar wa Uche da gidansa. Ya zo da shaidarsa, wani tela ɗan garinsu. Telan nan ya ce me zai hana a je wajen masu tafireta a Bata, nan bakin Sabon Gari, a buga da Turanci, kowa ya karanta da idonsa. Wallahi a zuciyata na yi fatan a bi shawararsa. Amma Uche ya ɗaga masa hannu, ya ce da Hausarsa mai karyewa, "A'a. Takardar gwamnati wuta ta ci. Takardar Malam ce ta riƙe mini gida. Wannan rubutun Alƙur'ani ne, Musulmi ba ya ƙarya da shi. Malam ƙarami ya rubuta." Na dubi Yaya, na ga yana gyara zama. Ya san haka Uche zai ce, a kan wannan yardar ya gina komai.

Na fiƙe alƙalami, na tsoma a tawada, na fara da bisimilla a saman takarda kamar yadda aka koya mini. A ƙarƙashin sunan Allah na rubuta cewa Uche kafinta ya sayar wa Garba ɗan Malam gidansa na Sabon Gari, ya karɓi kuɗinsa cif, babu saura. Na yi guda biyu. Sannan na ɗaga takardar a gaban mutane na karanta cewa Garba ɗan Malam ya mayar wa Uche kafinta amanarsa, babu saura. Abin da ya fi ba ni ƙyamar kaina har yau shi ne muryata ko rawa ba ta yi ba. Da kyau na karanta, da ƙira'a, kamar mai biya karatu. Uche ya sa hannu, tela ya sa hannu. Da zai tafi ya damƙa mini goro biyu da 'yan kwabbai, ya ce, "Na gode, Malam ƙarami. Hannunka kamar na babanka." Na karɓa. Har goron na ci.

Yaya ya ce masa a ba 'yan haya wata uku su nemi wuri, kafin nan ya zauna da Talatu a ɗan ɗakin baya inda da yake ajiye katako. A cikin wata ukun nan ya bi ofishin filaye da takardata, ya fito da satifiket mai hatimi da sunansa a kai. Ma'aikatan ba su da laifi, abin da aka kai musu suka gani. Ranar da Uche ya zo karɓar makulli, satifiket aka nuna masa. Ya kai ƙara, aka sa wani ya karanta takardar, ga sa hannunsa, ga na shaidar da shi ya kawo da kansa. Ni kuwa na tsiri tafiya Barno gaida dangi, ban dawo ba sai da ƙura ta lafa. Mutumin da ya fito daga yaƙi da yarinya a hannu ba ya son ɗaga murya a garin da ya taɓa gudu daga cikinsa, sai ya haƙura. Yaya ya bar masa ɗakin katakon a matsayin haya, kuma yana faɗa wa mutane cewa tausayi ne ya sa, albarkacin abotarsa da Malam.

Satifiket ɗin nan Yaya ya jinginar a banki ya samu jari. Shekarar da aka biya ma'aikata ariyas, wato kuɗin ƙarin albashi da suka taru, atamfa da shadda suka yi ta tashi a Kwari kamar ana rabawa kyauta, kafin shekara ta zagayo ya biya mana kujerar Makka, ni da shi. Na je. Na yi ɗawafi, na tsaya a Arfa, na ɗaga hannun nan da ya yi rubutun ina roƙo. Muka dawo, Yaya da haƙorin zinare, ya kafa doka a gida da kasuwa, duk wanda ya ce Garba ba da shi yake ba. Har innarmu da ta goya shi sai ta ce Alhaji yake juyowa. Uche da ya san shi tun yana yawo ba wando ya ci gaba da ce masa Garba, sai Yaya ya aika aka gaya masa ɗan haya ba ya kiran sunan mai gida gatsal, ko ya gyara bakinsa ko ya kwashe kayansa. Ya gyara.

Ni kuwa kewaye nake yi don kada mu haɗu, har ranar da muka yi kiciɓis a Bata, yana ɗauke da zarto da jakar kayan aiki. Ya tsaya ya cire hula, ya rusuna a tsakiyar mutane, ya ce, "Sannu da dawowa, Alhaji." Na ce haba Mista Uche, ai ni ɗanka ne. Ya ce, "A'a, Alhaji ne kai, na san nawa aka saye shi. Malam ƙarami na ajiye shi a wurina. Ranar da ka karanta mini takardata daidai, zan ba ka abinka." Ya mayar da hularsa ya wuce. Daga ranar har ya bar duniya, duk inda ya gan ni sai ya rusuna ya ce Alhaji da ƙarfi, mutane suna yaba ladabinsa, ni kaɗai na san abin da nake ji. Na daina rubuta wa kowa takarda, na ce idona ne. Shekara da shekaru ina cewa gobe zan je. Ya mutu a ɗakin katakon nan yana biyan haya a gidan da ya ɗora kowane bulo nasa. Ko gaisuwar mutuwarsa ban iya zuwa ba.

Jama'a, kusan shekara hamsin ke nan ana kirana Alhaji, a masallaci, a wajen ɗaurin aure, jikokina ma Baba Alhaji suke cewa. Ba a taɓa faɗa ba ban tuna muryar Uche a Bata ba. Yaya ya ƙara gaba, wani ƙauye ya naɗa shi sarauta, maroƙa suna ce masa mai gaskiya ɗan mai gaskiya. Da ya rasu shekara uku da suka wuce, na zauna a wajen karɓar gaisuwa ina jin mutane suna cewa ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba, ina cewa amin.

Yanzu ga inda matsalar take. Babban ɗansa, Nasiru, shi ke riƙe da dukiyar. Shi kuma Alhaji kaɗai ba ta ishe shi ba, sai an ce Alhaji Dakta, ban san asibitin da ya yi aiki ba, ban san makarantar da ya gama ba, amma haka aka rubuta har a jikin ƙofar gidansa. Sai dai in faɗi gaskiya, yaron nan shi ke ciyar da ni, shi ke sayen maganina na hawan jini, shi ke biya wa jikokina marayu makaranta. Watan jiya ya raba wa mutanen gidan Sabon Gari notis, zai rushe ya gina fulaza, benen shaguna. Cikinsu har da Talatu. Ta haura sittin, mijinta ya rasu, ta dawo ɗakin ubanta tana sayar da garin rogo da manja a ƙofar gida. Ƙarshen watan nan ake so ta fita.

Takardar amanar da Malam ya rubuta tana hannuna. Tun a wancan lokaci Yaya ya ce in ƙone ta, na ce na ƙone, alhali na tura ta cikin gafakar Alƙur'anin Malam. Na samu Nasiru a falonsa na ce ya bar wa matar nan ko da ɗaki ɗaya da shago, akwai magana a kan gidan. Ya tambaye ni wace magana, na ɗan ɓantaro masa kaɗan. Dariya ya yi har da buga gwiwa, ya ce, "Haba Baffa, wannan rubutun sha ne ko takardar gida? Mu satifiket gare mu, lauyana ma ba zai iya karanta wannan ba." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya canza fuska, ya ce in ji tsoron Allah, kada in tona kabarin ɗan'uwana, kuma in tuna wanda ke sauke mini buhun shinkafa. Da zan fita ya cusa mini kuɗi a aljihu, ya ce, "Alhaji Baffa, a sha magani a huta." Na ji kamar goron Uche ne aka sake ba ni.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan na idar da walaha, na ɗauki gafakar na hau adaidaita zuwa Sabon Gari. Rabona da layin nan tun ina da baƙin gashi. Na tarar da Talatu tana auna wa wata gari, ta ɗago ta dube ni, ta gane ni nan take. Ta ce, "A'a, Alhaji, yau kai ne a gidanmu? Au, na manta, gidanku." Hausarta ta fi ta 'ya'yana. Ta ba ni benci, na zauna, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na zaro takardar Malam na ce akwai abin da na zo in gaya mata. Ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwani, ta ciro takarda a naɗe cikin leda, ta yi ja don tsufa. Tawa ce, wadda aka ba Uche. Ta ce, "Ba labari nake so ba, labarin na san shi tun ina yarinya, ina tsaye a bayan babana ranar. Ya ce mini za ka zo, wai kai ɗan Malam ne. Na ce masa Papa, mutumin nan ba zai zo ba. Ya ce in dai ya zo, kada ki zage shi, ki ba shi ya karanta."

Ta kira maƙwabta biyu, wani mai gyaran janareto da wata tsohuwa 'yar cocinsu, ta ce shaidu ne, ai da shaidu aka yi na farko. Na sa tabarau na ɗaga takardar. Hannuna ne, kyakkyawa, ko ɗigo bai goge ba. Na karanta abin da ke ciki kalma bayan kalma, cewa Uche ya sayar, ya karɓi kuɗinsa. Sannan na ce ƙarya ce, bai sayar ba, bai karɓi ko kwabo ba, ni na rubuta, ni na karanta masa wani abu dabam. Wannan karon muryata ta yi rawa har sai da na tsaya sau uku. Sannan na karanta ta Malam, inda ya ce amana ce a hannunsa da hannun 'ya'yansa. Tsohuwar nan ta yi tsaki ta tofar da yawu a gefe, ban ga laifinta ba. Talatu ba ta yi kuka ba. Ta karɓi takardar ubanta ta naɗe ta mayar cikin gwangwani, ta miƙo mini ta Malam, ta ce, "Wannan taka ce, ka san abin da za ka yi da ita. Abin da babana ke bin ka karatu ne, ka biya, na karɓa a madadinsa. Gida kuwa ba zan roƙe ka ba." Da na miƙe zan tafi, ta ce, "Ka gaida gida, Malam." Ta ɗan yi murmushi ta ƙara da cewa ƙaramin ne ba za ta iya faɗa ba, na tsufa da yawa.

To jama'a, tsakanina da Uche an rufe, Allah ya sa ya karɓa. Amma kwana goma sha biyu suka rage a fitar da 'yarsa titi. In na ɗauki takardar nan na kai gaban dattawan gidanmu, ko na je kotu na ba da shaida a kan kaina, na tona asirin wana da ke kwance a ƙasa, na sa 'ya'yansa da ba su san komai ba cikin kunya, kuma na san daga ranar shinkafa da magani da makarantar marayu sun yanke. Ban ma sani ba ko takardar ajami da bakin tsoho za su iya da satifiket mai hatimi, masu ilimin shari'a a cikinku su gaya mini. In kuma na yi shiru, to shiru na biyu ke nan, na farkon kun ji abin da ya haifar. Malamai kuma ina tambaya, Hajjin da aka yi da wannan kuɗi, mene ne matsayinsa, kuma akwai abin da ya rage in yi? In fara tara dangi ne, ko in wuce wajen lauya kai tsaye, ko in koma in durƙusa wa Nasiru ko zai ji?

Ku faɗa mini gaskiya ko da zafi, zagi ma in ya zo na cancanta. Abu ɗaya kawai nake roƙo, duk wanda zai ba ni amsa, don Allah kada ya fara da Alhaji.